Ƙanƙarar Tanimu

SHAFI NA 17

Ƙarfe huɗu ta gota, rana ta karkata amma zafin yana nan inda yake. Tun azahar hadari ya haɗu ta wajen Jiratawa, ya yi baƙi ƙirin ya tsaya cak, bai zuba ba bai watse ba. Ko ganyen dogon yaron ƙofar gida ba ya motsi.

Tanimu na dawowa daga masallaci ta ƙofar baya ya ga takalman yayansa Abdurrazak a bakin ɗakin Hajiya. Mutumin da da safen nan ya sauka daga Kwatano, ai barci ya kamata a ce yana yi.

"Shigo," in ji Abdurrazak daga ciki. "Kai muke jira."

Ya yi sallama ya shiga ya durƙusa.

Mahaifiyarsu Hajiya Tasalla na zaune bisa darduma, carbi a hannunta amma ba ta ja. A gabanta an aje ordi, tsohuwar kwamfutar shago da Tanimu ya ɗauko ya gyara, ga ɗan akwatin wifi a gefe. Can a kusurwar allo ga ƴar alamar nan mai rassa, sak irin ta jikin firigo mai sanyaya ruwa. Ranar da Hajiya ta fara ganinta cewa ta yi madalla, ashe har na'ura an yi ma abin sanyaya ciki. Tun daga nan duk gidan ke ce ma abin ƙanƙarar Tanimu.

Yanzu ƙanƙarar shunayya ce. Ba kowa ciki ke nan.

"Auta."

"Na'am, Hajiya."

"Wanga babban ya zo mani da wata magana." Ba ta kama sunan Abdurrazak, ɗan fari ne. "Ya ce wai in abin ga ya yi tsanwa, ba Saudatu ba ce."

Tanimu ya sadda kai.

"Da kai nike."

"Hajiya..."

"Kar ka yi mata Hajiya Hajiya," Abdurrazak ya katse shi. "E ko a'a. Ni ban yarda da kaina ba sai da na kira wanda ya san abin, ya warware mani tas. Faɗa mata da bakinka."

Saudatu ita ce tsakaninsu, ita kaɗai ce mace. Mijinta direban babbar mota ne, ya ɗauke ta suka tafi wata ƙasa mai nisa. Bara hukumar can ta toshe hanyoyin kira da na saƙo, aka yi watanni ba a ji ɗuriyarta ba. Kwatsam sai ga muryarta a waya, tana dariya tana kuka, tana cewa wata maƙwabciya ce ta sa mata wani abu, wai saƙonta sai ya bi ta tagar wani bawan Allah a wata duniya da ya bar kwamfutarsa buɗe, sannan ya fito.

Maganar tagar nan ce ta hana Tanimu sukuni. Ya tafi siber, shagon intanet na wani mutum Maman Lawali da ke bayan tasha, ya ce shi ma yana son ya zama mai taga. Maman Lawali ya yi dariya ya ce ai ba wani aiki ba ne. Ka buɗe shafin, ka tura maɓalli ɗaya, ka bar shi buɗe. In wani ya shigo alamar ta yi tsanwa, in ya fita ta koma yadda take.

Shi ke nan fa abin.

"Ina saurare," in ji Hajiya.

Tanimu ya ce, "Hajiya, ranar da kika fara ganin ta yi tsanwa kika tambaye ni, kin tuna abin da na ce?"

"Ƙwarai. Ka ce su Saudatu ne ke wucewa."

"To. Haka na ce."

"Ka ji ko!" Abdurrazak ya buga cinya. "Ya amsa!"

"Yaya, bari in ida. Da na ce su Saudatu, nufina irin su Saudatu. Mutanen da aka toshe ma hanya kamar ita. Ke kuma Hajiya sai kika ɗauka ita da mijinta da yaranta."



"Su Saudatu," Hajiya ta maimaita a hankali, kamar mai juya ƙyalle tana duba bayansa.

"Na so in gyara a take. Kin tashi kin yi alwalla, na ce in kin sallame sai in faɗa. Kafin ki sallame sai ga saƙonta ya shigo wayarki. Kika fito tsakar gida kina cewa kun gani, yanzun nan ta wuce ta gaban idona. Wallahi Hajiya bakina ya yi nauyi."

"Washegari fa?" in ji Abdurrazak. "Shi ma bakin ne? Da jibinta?"

"Na yi ta cewa gobe."

"Gobe! Tsohuwa na zaune gaban na'ura kullum la'asar tana maraba da ɗiyata, sannu da hanya ɗiyata, kai kana tsaye kana kallo!"

"Yaya, tun bayan babbar salla saƙon Saudatu ya ɗauke. Kai ba ka nan. Hajiya ta bar cin abinci, jininta ya hau, har gidan likita munka kwana. Abin da ya tada ta zaune shi ne tsanwar nan. In ta gani sai ta ce ai tana da rai, aiki ne ya yi mata yawa. Ta sha fura, ta yi barci. Ni ne zan ce mata ba ita ba ce?"

Abdurrazak ya share gumin goshinsa da bakin riga.

"To na ji wannan," ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. "Matan unguwa fa? Ka san wa na iske a zaure? Inna Tsahara. Tun daga Tibiri ta hau kabu-kabu cikin ranar ga, da hoton ɗanta a ƙulle a bakin zane. Wai an ce mata gidan Hajiya Tasalla akwai na'urar da ke nuna in ɗanka na ƙetare ya wuce. Tana can zaune har yanzu, ta ce ba ta tashi sai ta gan ka. Mun zama gidan duba ke nan?"

Hajiya ta runtse ido. Ita ce ta baza labarin a wajen wani suna, da bakinta, tana alfahari.

"Kuma ba wannan ne babban abin ba," Abdurrazak ya ci gaba. Ya matso ya nuna allon da yatsa. "Tunda ba ita ba ce, su wane ne? Su wa kake shigo mana da su gida?"

"Ban san su ba."

"Ba ka san su ba."

"Haka aka yi abin, Yaya. Ni ba na ganin sunansu, ba na ganin abin da suka ɗauko, a ƙulle yake wucewa. Kuma ba daga nan suke fita ba. Nan kamar zaure ne. Su shigo, su wuce wata ƙofar, daga ita su wuce wata. Can inda za su, ba a ganin gidanmu."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka san abin da ke faruwa a dajin iyaka. Masu ɗaukar mutane su ma waya gare su. Za ka iya rantsuwa ba mugu ko ɗaya da ya taɓa bi ta nan?"

Tanimu ya girgiza kai.

"Ba zan iya ba."

"Alhamdu lillahi. Hajiya kin ji da kunnenki." Abdurrazak ya gyara zama. "Ni abin da na gani, a kashe abin nan yau. Ordi ta koma shago. Shi kuma ya tattara ya tafi garkarmu ta Jiratawa ya kama ban ruwan zogale, ko hankalinsa ya dawo jikinsa. In kin yarda gobe da safe in sa a kai shi."

Tanimu bai ɗaga kai ba. Jiratawa ba ta dame shi ba, yana son garka. Abin da ke cin ransa shi ne tun da ya gama magana Hajiya ba ta dube shi ba ko sau ɗaya. A gidan nan kuwa maganarta ce yanka. In ta ce a rufe, an rufe ke nan, shi kuma ya zama auta maƙaryaci har abada.

Abdurrazak ya miƙa hannu ya kama murfin ordin.

Daidai nan ƙanƙarar ta yi tsanwa.

Su duka ukun suka zuba mata ido. Tanimu ya ga leɓen Hajiya ya motsa, gaisuwar da ta saba ta zo har bakinta, ta danne ta.

"Auta."

"Na'am."

"Wane ne wanga?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Namiji ko mace?"

"Ban sani ba."

"Daga wace ƙasa?"

"Shi ma ba ya nunawa."

"Shi fa, ya san gidan wa ya shigo?"

"Bai san sunanmu ba. Taga ya nema, aka haɗa shi da tamu."

Ta ƙura ma tsanwar ido.

"In anka rufe yanzu, mi za ya same shi?"

"Zai yanke. Wayarsa ta shiga neman wata tagar. In da rabo ya samu nan da nan. In babu, ya jira."

"Ko da tsakiyar magana yake?"

"Ko da tsakiyar magana yake."

"Ɗauke hannunka," ta ce ma Abdurrazak.

"Hajiya..."

"Na ce ɗauke. Baƙo na ciki."

Ya ɗauke.

Ta aje carbin bisa darduma, ta gyara lulluɓi, ta miƙe wuya. Duk wanda ya san Hajiya Tasalla a kasuwar atamfa ya san wannan zaman. In ta yi shi an gama ciniki.

"Ku ba ku iske kakanku ba. Mai masauki ne a Tibiri. Masu raƙuma in sunka zo da gishiri da dabino gidanmu suka sauka. Ina yarinya ni ka kai masu ruwa. Ban taɓa ganin Baba ya kwance kayan baƙo ba. Bai tambaya mi ka ɗauko, bai tambaya ina za ka."

"Wancan zamani daban ne, Hajiya."

"Mugaye ne babu a wancan zamani? Wata shekara wani ya kwana zaurenmu, ashe raƙumin sata ya jawo. Anka zo anka tahi da Baba gaban kwamanda, ya sha tambaya, ya kwana can. Uwata ta yi kuka ta ce daga yau a sa ma zauren ga ƙyaure. Ya dawo. Ya ɗauki tsintsiya da hannunshi ya share zaure, ya sake shimfiɗa tabarmi. Da dare sai ga wata mata da goyo, ruwa ya kore su daga hanya. A nan sunka kwana."

Ta juyo ta dubi babban ɗanta.

"Tsoronka gaskiya ne, ban ce ƙarya ba ne. In wani abu ya taso, ni za a tambaya, gidana ne. Amma ka amsa mani wagga. Ranar da muryar ƙanwarka ta iso, bayan mun fidda rai, ta tagar wa ta biyo?"

Abdurrazak ya kau da kai.

"Ta wani," ya ce can ƙasa.

"Ya san ta?"

"A'a."

"Ya sa ta rantse ita ba muguwa ba ce kahin ya bar ta ta wuce?"



"To ni Tasalla ba a yi mani abin da ba ni iya ramawa. Wani kafiri ko musulmi, ban san ƙasarsu ba, ya buɗe ma ɗiyata. Ni in rufe ma tashi? A Maraɗi? A gidan ga?"

Sai a lokacin ta dubi Tanimu. Idonta ya yi ja amma ba hawaye.

"Kai kuma."

"Na'am, Hajiya."

"Ka bar ni ina gaida baƙi da sunan ɗiyata. Ka bar ni na tahi cikin mata na yi baki. Yau ka mayar da ni inda nike bayan salla, ban san ko tana da rai ba. Wannan ciwon ba ya warkewa yau, kar ka sa rai."

"Ki gafarce ni."

"Ban kai nan ba tukuna." Ta ja numfashi. "Amma maganarka ba ta faɗi ƙasa ba. Ni ce na ji ta guntuwa. Wanga da ke ciki yanzu, akwai tsohuwar da ke zaune wani wuri tana jiran muryarshi. To su Saudatu ne. Duk wanda ya bi ta nan su Saudatu ne. Haka za a ci gaba da ce masu a gidan ga."

Shi Tanimu da ko sakandare bai gama ba, shi da ake aike sayen ƙanƙara da gawayi, yau an jera aikinsa da na kakansa.

"Miƙo mani tabarau," in ji Hajiya.

Ya miƙa mata. Ta sa, ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Nuna mani inda aka taɓawa. Ba ni son in kai ba ka nan a ce sai an jira ka."

"Ga shafin nan, na aje maki shi a sama, da kin buɗe za ki gan shi. Kin ga wannan ɗan maɓallin? In yana hagu a rufe yake. Ki tura shi dama."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai kar ki rufe shafin, kar kuma ki kife murfin. In kin kife ta yi barci."

"Yo wannan ai ko kunna rediyo ya fi shi wuya. Shi ne kullum kake wani ɗaure fuska kamar mai tuƙa jirgi?"

Dariya ta kuɓuce ma Tanimu, ya toshe baki.

"Jiratawa kuwa za ka," ta ci gaba. "Yayanka ya faɗa, ba ni tada maganarshi. Amma ba zogale kaɗai za ka ba ruwa ba. Ɗan kawunku na can yana da irin wagga na'ura, ga faranti mai ɗaukar rana, su wuta ba ta yanke masu. Ka nuna mashi. In ya yarda ya buɗe, in bai yarda ba kar ka matsa. Ka kuma faɗa mashi da Hausa mai kyau, ba irin wadda ka yi mani ba."

"To, Hajiya."

"Ni dai ba da yawuna ba," in ji Abdurrazak. Ya jawo jakar tafiyarsa ya miƙe. "Kuma tawa ordin kar wanda ya taɓa mani."

"Wa ya roƙe ka?"

Ya yi ƙwafa ya nufi ƙofa.

"Saura ɗaya, Auta," ta ce. "Tsahara."



"Kai za ka fita ka same ta. Ka zauna ƙasa, ka faɗa mata abin ga ba ya nuna ɗan kowa. Ni na kai ta ga wannan wahala, zan bi ta har Tibiri in ba ta haƙuri, amma gaskiyar daga bakinka za ta fito. Shekara nawa matar nan ba ta ji ɗanta ba. Ka san yadda za ka yi kar ta faɗi."

"Yanzu?"

"Da sai gobe?"

Kafin ya motsa iska ta taso gaba ɗaya. Labule ya yi sama, kwanon rufi ya ɗau ƙara, wani bokiti ya gangara tsakar gida. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.

An ɗauke wuta.

Ordin ba ta mutu ba, tana da batir. Amma ƴan fitilun akwatin wifi suka mutu ɗif. Tsanwar ta ɓace.

"Ya fita?" in ji Hajiya.

"Mun yanke shi."

"Innalillahi. Tsakiyar maganarshi."

Daga can zaure, cikin ƙarar iska, wata siririyar murya ta ɗago.

"Salamu alaikum! Wai Tanimun bai shigo ba har yanzu? Ku ce mashi hadari za ya tare ni. Duba ɗaya za ya yi mani in tahi!"

Tanimu ya miƙe. Ya dubi ƙofa, ya dubi akwatin da ya mutu.

Abdurrazak na tsaye bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya yi tsaki. Ya cire takalmin, ya dawo ciki, ya zuge jakarsa ya lalubo batirin da yake cajin waya da shi a hanya. Ya durƙusa gaban Hajiya ba tare da ya dube ta ba, ya zare igiyar akwatin daga bango ya soka a jikin batirin.

Fitila ɗaya ta kama. Ta biyu ta bi ta.

Abdurrazak ya tura batirin ƙarƙashin gado inda feshin ruwa ba zai kai ba, ya saɓi jakarsa ya fita.